Rigar Sanyin Baba: Yadda Zif Ya Kusa Cinye Min Saƙar Wata Biyu

Na fi shekara goma ina saƙa, amma kusan duk kayan jarirai ne: hula, safa, 'yar riga, shawul. Irin kayan da ake kai wa mai jego kafin suna, a yaba, yaro ya girma ya bar su tun ba a gano inda aka yi kuskure ba. Rigar babban mutum mai zif ban taɓa yi ba sai wannan hunturun. Matan da muke saƙa tare sun dame ni da tambaya a kanta, ni kuma na gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi tun daga tushe.

Mai rigar mahaifina ne. Yana zaune a cikin birni wajen Ƙofar Doka, ni kuma ina aure a Tudun Wada. Ya haura shekara 70, kuma ba ya fashin sallar Asuba a masallaci ko da hazo ya rufe gari. Wanda ya san Zariya a Disamba da Janairu ya san abin da nake nufi: da asubahi awon zafi kan sauko ƙasa da digiri 15, ga busasshiyar iska mai tsaga leɓe da dunduniya. Suwaitar da yake da ita ta zurawa ta kai ce, kuma tun da kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo ya daina iya ɗaga hannu ya shige ta. Mai maɓalli kuwa, yatsunsa ba sa kama maɓalli in sanyi ya ratsa su. Sai ya koma yafa bargo a kan kaftani, gefe ɗaya na jan ƙasa.

Ƙanena ya je wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ya zo da jaket biyu. Ɗaya ta ƙi rufuwa a kan kaftani. Ɗayar ta rufe, amma hannunta ya haɗiye yatsunsa, ga wani ƙaton rubutun boko a ƙirji. Baba ya dube ta ya ce shi ba zai tsaya gaban Ubangiji da abin da bai san me yake faɗa ba. Ran Juma'a da na je gaishe shi, da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, sai ya ce, "Uwata, ke da kike suturta jikokin mutane, ɗanki kuma kin bar shi da bargo?"

Na ce, "Baba, an gama." Ban san abin da na ɗauko ba.

Abin da ake bukata a fili yake: riga mai buɗewa ta gaba gaba ɗaya, mai yalwar da za ta hau kan kaftani ba tare da ta tattare shi ba, wadda hannunta zai naɗu har sama da gwiwar hannu saboda alwala. Wannan na ƙarshen babu wanda ya gaya min, sai da na zauna na kalli Baba yana alwalar La'asar na tuna.

Zaren da muke kira ulu a kasuwa ba ulu ba ne, akrilik ne, ɗan masana'anta da ake yi daga sinadaran man fetur. Tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, waɗanda ake bincike a kansu a cibiyar dabbobi ta Shika, gashi gare su irin na awaki, ba sa ba da ulun kaɗi. Auduga kuwa ƙasarmu ce, a Samaru ma ake fitar da irin nan da ake kira SAMCOT, amma zaren auduga in ya miƙe ya miƙe ke nan, ga nauyi, kuma ba ya riƙe ɗumi yadda ake so. Don haka akrilik na saya, ruwan toka mai duhu, giram 750. Siriri ne, irin na kayan jarirai, sai na haɗa zare biyu na riƙa saƙa su tare da tsinke mai kaurin milimita 5. Launin nan na yi nadamarsa: yawancin saƙar da dare na yi ta, in an ɗauke wuta da fitilar caji, kuma zare mai duhu ba ya nuna ido. Ido shi ne abin da muke kiran kowane ɗaurin zare da ke kan tsinke.

Kuskurena na farko na ganganci ne. Na auna ƙirjin Baba a kan kaftani na sami inci 42, na ƙara 8 don yalwa, ya zama 50, wato baya 25, gaba biyu 25. Sai na saƙa ɗan gwaji, amma ɗan mitsitsi, ido 20 kawai, na auna shi yana kan tsinke, na ga ido 18 a inci 4. Da wannan lissafin na ɗora ido 112 na fara baya. Na yi kwana shida, na kai tsawon inci 10, sannan na shimfiɗa a kan gado na ɗora tef. Inci 28. Hannuna a kan ƙaramin gwaji a ɗaure yake, amma da aikin ya yi faɗi, ina hira ina saƙa, sai ya saki, na koma ido 16 a inci 4. Bambancin ido biyu kacal, amma da na ci gaba da rigar ta fito inci 56 a zagaye.

Ƙawata ta ce in bar shi, ai dama mai faɗi ake so. Ban yarda ba, kuma har gobe ban yarda ba. Faɗin da aka auna daban, faɗin da ya kuɓuce daban. Inci 8 na yalwa iska ce 'yar kaɗan da ke tsayawa tsakanin riga da jiki ta yi ɗumi. Inci 14 kuwa ƙofa ce, iskar hunturu ta shiga ta ƙasa ta fita ta wuya, ga ƙarin nauyi a kan kafaɗar da dama ciwo take. Na warware duka. Na sake gwaji mai faɗin tafin hannu biyu, na wanke shi, ya bushe, na auna a kwance: ido 16 da layi 22 a inci 4. Na ɗora ido 100. Ƙasan rigar na yi saƙar roba, biyu gaba biyu baya, inci 3, sauran jikin kuma saƙa sumul, tsawo inci 27.

Da bayan ya kai hammata sai na kai shi wajen maƙwabciyata mai yin kek, na ɗora a sikelinta. Ya ci giram 185. Na yi lissafi na ga rigar za ta haura 900, zaren ba zai kai ba. Na koma shagon, launin yana nan, amma rinin wani zubi ne, ya fi na farko haske. A cikin shago ba a gani, sai an fito rana. Dabarar da na yi ita ce na sa baƙin layi mai faɗin inci 2 a ƙasan hammata, ya zagaye baya da gaba, daga samansa kuma na riƙa haɗa zare ɗaya tsoho ɗaya sabo. Idon mutum ba ya kama bambancin in akwai abin da ya raba. Ku riƙe zancen baƙin layin nan, shi ne ya tona asirin zif daga baya.

Hannun riga ne kaɗai wurin da na tsallake rami tun kafin in faɗa, kuma jaket ɗin gwanjon nan ce ta koya min. Faɗin kafaɗun Baba inci 17 ne, bayan rigar kuma 25, ke nan jikin rigar ya zubo kan kowane dantse da inci 4. Daga kafaɗa zuwa wuyan hannunsa inci 23 ne, sai na cire 4 na saƙa 19. Mai saƙa riga mai faɗi in ta manta wannan, hannun zai wuce yatsu. Na fara bakin hannu da ido 44 maimakon 36 da zan yi wa wani, don ya tura sama ya wuce gwiwar hannu, ina ƙara ido biyu kowane layi na 4 har ya kai 80, saboda hannun kaftani ya sami wurin zama a hammata. Wuya na yi mai tsayuwa, inci 3. Da na haɗa komai na ƙiyasta idon da na saƙa ya haura 40,000, ban da wanda na warware. Sati takwas, kusan awa biyu kowane dare.

Saura zif. A raina na ɗauka wannan aikin tela ne, ba nawa ba.

Akwai telan da ke yi wa maigidana da yara ɗinki shekara da shekaru, gwani ne a kaftani, ban taɓa mayar masa da aiki ba. Na kai masa rigar da hantsi. Ya yaba, ya rataye ta a ƙusa, ya bi gefen gaba da tef ya ce inci 28, ya aiki yaronsa ya sayo zif mai rabuwa, wanda ƙasansa ke cirewa gida biyu. Ni ina tsaye, na san gaban rigar daga ƙasa zuwa wuya inci 23 na saƙa, da wuyan 3, ya zama 26. Amma ban ce komai ba. Na ga mai sana'a da tef a wuya, na zaci shi ya fi ni sani. Kafin in je cefane in dawo ya gama.

Da na zuge zif ɗin na ɗaga rigar, gabanta ya yi kunya-kunya kamar gonar dankali. Zif ya taso ya kwanta, ya taso ya kwanta, ya yi wani tulu a daidai ciki. Baƙin layin nan kuwa, na hagu ya fi na dama tashi da kusan inci ɗaya, kowa ya kalla sai ya gani.

Ya ce, "Hajiya, wannan kayan naku rai gare shi, ina ɗinki yana tafiya."

Na ce, "Malam, ai da ka ga yana tafiya da ka tsaya."

Ya ce in sa masa guga zai kwanta. Na biya shi na tafi.

Daga baya da raina ya huce na zauna na warware abin da ya faru, kuma laifi uku ne suka hau kan juna. Na farko awo. Riga mai kusan kilo ɗaya in aka rataye ta, nauyinta ke jan ta, gefen da babu haɗi shi ya fi miƙewa, shi ya sa 26 ta zama 28. Na biyu keke. Haƙoran da ke ƙasan allura suna jan ƙyallen zif gaba, ƙafar keke kuma tana danne saƙar tana riƙe ta baya. Yadin shadda ko atamfa zare ne a tsaye da a kwance, ba ya miƙewa, shi ya sa tela bai saba lura da wannan ba. Saƙar hannu kuwa madaukai ne cikin madaukai, kowanne da wurin buɗewa. Ƙyallen zif ba ya miƙewa ko kaɗan. To an miƙar da saƙa an ɗinke ta a jikin abin da ba ya motsi, da aka sake ta tana neman komawa 26, zif ya tsaya a 28, inci biyun nan babu inda za su sai sama. Su ne kunyoyin. Na uku, ya ɗinka gefe ɗaya daga wuya zuwa ƙasa, ɗayan daga ƙasa zuwa wuya, kowanne ya ja ta nasa ɓangaren, layin ya saɓa.

Kuma gaskiya rabona a laifin ya fi nasa. Shi bai taɓa sa zif a saƙar hannu ba. Ni ce na san lambar, na yi shiru.

Duk da haka na kai wa Baba, wai ko a jiki za ta gyaru. Ya sa, ya zuge, ya dubi tulun da ke kan cikinsa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata." Ya cire ya ninke ya ajiye a gefen gado. Washegari ƙanena ya ce min da bargo ya fita Asuba.

Maganar guga, Allah ya taimake ni na fara gwadawa a kan ɗan gwajin nan. Dutsen guga na taɓa shi ya baje, ya yi sheƙi, ya zama laɓo-laɓo kamar tsumman goge tebur, kuma bai sake dawowa ba ko da na wanke. Akrilik dangin roba ne, zafi yana narkar da shi ya daskare a yadda ya same shi. Da na bi shawarar tela da rigar ta mutu a inci 28.

Ba yadda zan yi sai farkewa. Ɗinkin keke ƙanana ne, kuma sun nutse cikin zaren, ga layi bibbiyu a kowane gefe. Daren farko na ɗauki reza na shiga ta wajen saƙar, cikin minti kaɗan na datse zare ɗaya, ido ya zame ya gangara layi shida. Sai da na sa kwarashi na hauro da shi ɗaya bayan ɗaya na ɗaure. Daga nan na juya rigar, na koma yanka ta wajen ƙyallen zif da ɗan almakashi, in ma an yi ɓarna zif ne zai ji. Dare uku na yi.

Na wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi, ban murɗe ba, na naɗe a tawul na danna, na shimfiɗa a tabarma a inuwa na rufa mata tsohon zane saboda ƙura. Iskar hunturu ba ta ɓata lokaci, kafin Magariba ta bushe. Gefe ɗaya ya dawo 26 da rabi, ɗayan 27. Sai na bi kowane gefe ta ciki da kwarashi na yi sarƙa matsattsiya, ina shiga layi uku in tsallake na huɗu, ina aunawa, har duka biyun suka tsaya a 26. Wannan sarƙar ita ya kamata in yi tun kafin rigar ta bar gidana. Ta kuma rage naɗewar da gefen saƙa sumul yake yi.

Zif mai rabuwa ana iya rage shi ta sama kawai, don ƙasansa ne ke ɗauke da ɗan akwatin da ɗaya gefen ke shiga. Amma na riga na tsattsaga ƙyallen tsohon, sai na sayi sabo, inci 26, lamba 5. Lambar tana bayan kan zif, kuma faɗin haƙoran ne a milimita in an zuge: 3 na siket ne da rigar mata, 8 da 10 na jaka da manyan jaket. Na zaɓi mai haƙoran roba, don na ƙarfe ya fi nauyi, ga sanyi in ya taɓa wuya da asuba.

Ɗinkin a gidan Baba na yi shi, gaban Goggo, ƙanwarsa, wadda ta tsufa tana ɗinkin hula kamar mata da yawa a cikin birni. Ita ba ta iya saƙa ba, amma ta san allura. Da ta ga na ɗora rigar a cinya sai ta ce, "Ke 'yar nan, sauke ta ƙasa. Kayan da ke tafiya ba a ɗaga shi." Muka shimfiɗa a tabarma. Na zuge zif, na raba shi gida huɗu da alli, na raba gefen rigar gida huɗu da fil, na sa wata alama ta daban a inda baƙin layi zai faɗa, hagu da dama. Na tura zif ƙarƙashi, alama ta hau alama, na kafe. Sai na bi da jan zare na yi manyan ɗinki na riƙo, a durƙushe, rigar ba ta bar ƙasa ba. Baba ya gwada, layi ya haɗu. Sannan na yi ɗinkin gaske da zaren tela mai ƙarfi, ina komawa baya a kowane taki, duka gefen biyu daga ƙasa zuwa sama, na bar tazarar kwatan inci tsakanin saƙa da haƙora don kada kan zif ya ci zare. Gefen ƙyallen da ke ciki na kwantar da shi da ƙananan ɗinki. Daga bayan Azahar zuwa Isha'i, aikin da keke ya yi a minti goma sha biyar.

Ta kwanta lif. Baba ya sa, ya ja zif har wuya, sai ya yi ƙara. Ya cafke masa gemu. Goggo ta yi dariya har da hawaye, muka zare gashin a hankali. Wannan ban taɓa tunaninsa ba, jarirai ba su da gemu. A daren na saƙa ɗan harshe mai faɗin inci ɗaya da rabi, tsawon inci 5, na ɗinka shi ta ciki a bayan zif, samansa na lanƙwaso ya rufe kan. Mariƙin zif ɗin kuma ya yi wa yatsunsa ƙanƙanta, sai ƙanena ya zura masa zoben makulli, yanzu da yatsa ɗaya yake ja.

Ya fara sa ta a makon farko na Janairu, wata guda bayan lokacin da na yi masa alkawari. Bayan sati shida na karɓo na auna. Gaba yana nan 26, zif ya riƙe shi. Baya ya ƙaru da kusan inci ɗaya, haɗin kafaɗa kuma ya fara zubowa saboda nauyin hannu, sai na ɗinka siririn ƙyallen auduga ta ciki, daga wannan kafaɗar ya bi ta ƙeya zuwa waccan. Hammata ta yi ƙurajen zare inda take gogar kaftani, na aske su. Ya yi min ƙorafin cewa in ya cire ta a duhu tana ƙara tas-tas har da tartsatsi, na ce bushewar iska ce, akrilik haka yake yi da hunturu. Abin da na fi jaddada wa mutanen gidan shi ne kaskon gawayin da yake jin ɗumi da shi bayan Asuba. Ulun tumaki ba ya saurin kama wuta, amma wannan zaren yana kamawa ya narke ya manne a fata, don haka in zai matso kasko a naɗe masa hannu, ko ya cire.

Yanzu aljihu yake nema, na carbi da 'yar tocila. Na ce masa aljihu nauyi ne a gaba, sai na yi masa shafi da yadi na kafe shi a jikin ƙyallen zif, in ba haka ba zai zazzago. Ya ce ba sauri yake ba, sanyi ya kusa wucewa. Zaren da ya rage min bai kai giram 100 ba, kuma yawancinsa na sabon zubin ne, mai hasken.